Sababbin Idanun Mai Hangen Nesa

A danginmu Allah ya yi mana baiwar mutum ɗaya da bai taɓa yin kuskure ba, shi ne yayana. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ma'aikatar tsare-tsare, ya yi ritaya yana mataimakin darakta, kuma duk wanda ya shiga falonsa zai tarar da takardun yabonsa a bango, an jera su daidai tsayin idon baƙo. Ranar da aka yi masa walimar sallama, wani mai jawabi da ya rasa abin faɗa ya kira shi Mai Hangen Nesa. Yaya ya karɓi sunan hannu biyu, ya sa aka buga masa a kati. 'Ya'yanmu kuwa Baffa Kwamiti suke ce masa in ba ya kusa, domin ko fenti za a yi wa ƙofar gida sai ya kafa kwamiti, ya shugabance shi, ya saurari kowa cikin haƙuri, sannan a yi abin da ya riga ya yanke tun a mota.

Tawaya ɗaya ce a jikin wannan bawan Allah. Tun yana sakandare yake sa tabarau mai kauri, in ya cire ba ya bambance matarsa da labule daga ƙofar falo. Kusa kuwa babu kamarsa. Sai ya tura tabarau bisa goshi, ya kawo takarda dab da hanci, ya karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar magani da ido tsirara, muna zaune muna laluben namu tabarau.

Haka aka zauna lafiya har ya ga ya kamata ya shugabanci ƙungiyar 'yan fansho. Mai hoto ya ɗauke shi sau goma sha ɗaya saboda fostar zaɓe, kowane hoto idanun suna can bayan gilashi, ƙanana kamar maɓallan riga. Yaya ya ce shugaba dole jama'a su ga ƙwayar idonsa. Ya ji ana gyara gani da hasken lesa. Kuma ga mai gwajin ido a cikin dangi: 'yata, Auta, mai shekara ashirin da tara, shekararta biyar tana aiki a asibitin ido.

Laraba ce ranar hutunta. Zan faɗi yadda wannan Larabar ta tafi, domin ina wurin, kuma ita ce ranar ƙarshe da komai yake yadda muka saba.

Ƙarfe bakwai da rabi muna shan shayi. Katako huɗu na jingine a bangon ɗakinta, na aro injin huda bango wurin maƙwabci. Mun yi alkawari za mu kafa mata kanta, don littattafanta sun shekara biyu a kwali. Takwas saura kwata wayar Yaya ta shigo. Bai tambayi ko muna da abin yi ba. Ya sanar cewa kwamitin ido zai zauna ƙarfe tara, Auta ce mai ba da shawara, ni ne sakatare. Ta dubi katakon, ta dube ni.

“Baba, bangon yana nan. Laraba mai zuwa.”

Ƙarfe tara muna falonsa. Akwai ajanda, an buga ta kwafi huɗu. Matarsa tana gefe a matsayin 'yar kallo. Yaya ya buɗe zama da tarihin idanunsa, minti arba'in.

“Idanun nan,” in ji shi, “sun tace tsarin shekara biyar har sau shida. Ba idanun da za a miƙa wa kowane mai wuƙa ba ne. Ina so a jero mini zaɓi kamar yadda ake jero wa manya, ni kuma in yanke.”

Ƙarfe goma saura aka ba Auta dama. Ta ari agogon hannunsa, ta nuna gilashin. Ta ce a gaban ido akwai tantani garau irin wannan, aikin lesa duka shi ne a ɗan sassaƙe shi ya rage tudu. Hanya uku ce. Ta farko, a yanka siririn murfi a ɗaga, a sassaƙa ƙarƙashi, a mayar da murfin. Washegari mutum na gani, amma tana ƙara wa ido bushewa. Ta biyu ba murfi, a goge fatar sama a yi aikin, a jira ta sake tofowa; akwai raɗaɗi na kwana uku ko huɗu, gani kuma sai ya yi makonni kafin ya daidaita. Ta uku, a yanko ɗan yanki daga ciki a zaro shi ta ƙaramar kafa.

“Wacce ce ta manya?”

“Baffa, babu ta manya. Akwai wadda ta dace da idonka. Sai mun auna.”

Na rubuta wannan a bayanin zama. Yaya ya ce in goge jumlar farko.

Sha ɗaya da rabi muna asibitin. Ya gaisa da masu jira a layi ɗaya bayan ɗaya, kamar shi suka zo gani, ya wuce su. A ɗakin gwaji, yayin da Auta take wanke hannu, na ga leɓensa na motsi. Yana haddace layin ƙarshe na haruffan da ke allo, tabarau na fuskarsa. Ta juyo, ta cire masa tabarau, ta danna wani maɓalli, haruffan suka canza. Mai Hangen Nesa ya gyara zama ya karanto tsofaffin, tiryan-tiryan, bai ci tuntuɓe ko ɗaya ba.

“Madalla, Baffa,” in ji ta. “Ƙwaƙwalwa lafiya lau. Saura ido.”

Ta auna tudun tantanin da kaurinsa. Ta saƙala masa siraran takardu a fatar ido ta ƙasa, minti biyar, don a ga yawan ruwan da idon ke yi. Suka fito kusan yadda suka shiga. Yaya ya ce bai yi mamaki ba, shi rabonsa da hawaye tun rasuwar mahaifinmu, ko a lokacin ma ƙura ce.

Bayan azahar, ƙarfe biyu, ta faɗa masa abin da ta gani. Idonsa busasshe ne, mai murfi ba tasa ba ce. In dole sai an yi, a yi ta gogewa. Amma babbar maganar ba nan take ba. Mutum mai shekara hamsin da tara, ƙwayar cikin idonsa ta daina lanƙwasawa ta kamo abin da ke kusa. Gajeren ganin da yake ƙorafi a kai, shi ne yake ba shi karatu. In aka saita duka idanun biyu su hangi nesa, karatun zai tafi. Don haka a gyara na dama sosai, a bar na hagu da ɗan gajeren ganinsa, ƙwaƙwalwa za ta saba. Kafin a taɓa komai, ya gwada hakan na mako biyu da ɗan tabarau mai laushi da ake mannawa a ido. Ko kuwa ya zauna yadda yake, wanda a ganinta ya fi.

Yaya ya miƙe tsaye, don ba ya jawabi a zaune.

“Wato a gyara mini ido ɗaya da rabi. Yarinya, ni ban taɓa sa hannu a rabin aiki ba. Mako biyu gwaji, makonni jinya, alhali fosta za ta fita ashirin ga watan gobe? Mutumin da ya tsara wa al'umma gobenta, a ce ya tafi da ido ɗaya a nesa ɗaya a kusa kamar hawainiya? Ranar da aka haife ki, a hannun nan na riƙe ki.”

“Ka riƙe ni, Baffa. Amma yau ni na auna.”

Ƙarfe uku ta yagi shafi ɗaya daga takardun asibiti, ta zauna ta rubuta da hannu, ta ninke biyu ta ba shi. Ta ce ya karanta a gida, a natse. Ya sa a aljihun gaba, ya daddaɓa, ya ce za a yi nazari. Duk wanda ya taɓa aiki a ofis ya san inda takarda take kwana in aka ce haka.

Mun kai bakin mota ta ce mu jira ta, ta manta wani abu. Minti biyar ta yi. Yaya ya cika su da bayani a kan yadda matasan yanzu ba su san darajar lokaci ba.

Ƙarfe biyar muka isa gida. Ta gaji. Duk da haka ta ɗauki tef ta auna bangon, ta yi alama huɗu da fensir. Ƙarfe bakwai muka ci abinci, suka yi musu da mahaifiyarta a kan wa ya ɗauke cajar wa. Cajar tana jakar mahaifiyarta.

Washegari, bakwai da minti ashirin, Auta na hanyar zuwa aiki, a mahaɗar da ke kusa da asibitin, birkin wata babbar mota ya ƙi ci. Likitan da ya fito ya same mu ya ce ba ta jima ba rai ya yi halinsa. Ban nemi ya faɗi minti nawa ba.

Dole in yaba wa Yaya, ya tsaya. Ya tsara kujeru, ya raba aiki, ya zauna a kujerar tsakiya ya karɓi gaisuwa a madadina, har wasu baƙin suka tafi ba su san akwai wani uban ba. Kowa ya zo sai ya ji cewa marigayiya ta ƙarar da ranarta ta ƙarshe a kan hidimarsa, shi ne mutum na ƙarshe da ta duba. Wannan gaskiya ne. Na tabbatar wa duk wanda ya dube ni.

A rana ta biyar na roƙe shi takardar. Auta a waya take komai. Na bincika ɗakinta, ban sami rubutun hannunta da bai kai shekara uku ba. A sanina shafin nan shi ne abu na ƙarshe da ta rubuta, kuma abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Yaya ya ce takardar kwamiti ce, tana ƙarƙashin nazari. A rana ta goma na sake tambaya.

“Ƙanena, baƙin ciki bai soke tsari ba. Sakatare ba ya karɓar takarda sai shugaba ya gama da ita.”

A rana ta goma sha takwas ya tafi wani asibiti, inda babu wanda ya riƙe a hannu ranar haihuwa. Matarsa ta ce likitan can ma ya faɗa masa maganar bushewa da maganar karatu, ya ba shi takardar amincewa shafi uku. Yaya ya ce shi ya riga ya sami cikakken rahoto daga ƙwararriya a cikin gida. Ya sa hannu bai karanta ba. Ita ce takarda ta ƙarshe da zai iya karantawa da idonsa tsirara, ya bar ta ta wuce. Aka yi masa mai murfi, ido biyu, cikakken aiki.

Washegari ya tsaya a baranda yana karanto wa unguwa lambobin motoci. Ya karanta allon kantin da ke tsallaken titi, da lambar wayar da ke ƙasansa, ya gano cewa eriyar maƙwabcinsa ta karkace. Mai hoto ya zo, sau ɗaya ya ɗauka. Fosta ta fita a kan lokaci, idanu manya, suna kallon gobe.

Sai idanun suka fara zafi. Busasshen ido in ya ji raɗaɗi, ruwa yake kwararowa, ruwan da ba ya jiƙa komai sai kumatu. Mutumin da rabonsa da hawaye tun rasuwar mahaifinmu ya koma yawo da hankici. A taron 'yan fansho aka riƙa cewa Allah sarki, mutuwar yarinyar nan ta taɓa shi. Bai gyara wa kowa ba. Ya lura ma cewa in ya ambace ta a tsakiyar jawabi ya share ido, tafi ya fi ƙarfi. Ni da mahaifiyarta, da namu kukan ba ya zuwa a gaban jama'a, muka zama kamar baƙi a kusa da shi.

A gida kuma aka ga sababbin halaye. Ya daina karanta jarida, ya ce duk ƙarya ce. Ya miƙa wa matarsa wayarsa ta riƙa karanta masa saƙo, wai yana horar da ita harkar shugabanci. In za a sa hannu, ita take ɗora yatsa a wurin. Kwalaben maganinsa ta ɗaura musu zare kala-kala.

Mako shida bayan rasuwar, abokan aikin Auta suka gayyace mu asibitin da yamma, bayan an sallami masu jinya. Za su rataya hotonta a ɗakin gwaji, su miƙa mana kayanta. Mutum talatin ne a ɗakin jira, rabinsu aikinsu ke nan duba ido daga safe zuwa yamma. Babbar likitar ta yi magana minti uku ta zauna. Sunan Yaya ba ya cikin tsari. Ya miƙe.

“Jama'a, ni ne na ƙarshe da ya zauna a kujerar nan gabanta. Ta dubi idanun nan, ta ga abin da ke bayansu. Mun yi shawara irin ta masana biyu, kuma ga sakamako a fuskata, kuna gani. Ta bar mini wasiƙa da hannunta.” Ya daddaɓa aljihu, hawaye na zuba. “Ban buɗe ta ba har yau. Na adana ta ne saboda rana irin wannan.”

Wato nazarin mako shida ke nan.

Ya zaro ta, ya warware. Hannunsa ya kai ta dab da hanci, yadda ya saba shekara arba'in. Ya tsaya. Ya ɗan janye ta. Ya ƙara janyewa. Ya miƙe hannu iyakar tsawonsa, ya ja kai baya, har hannun ya ƙare takardar ba ta fito ba. Ya ce a ƙara haske. Aka kunna duk fitilun. Ya ce rubutun likitoci sai su. Rubutun Auta kuwa kowa a ɗakin ya san shi, kamar na malamar firamare yake, kowane harafi a tsaye da ƙafarsa.

Ba wanda ya yi motsi. Da a kasuwa ne, da an zaci baƙin ciki ne ya shaƙe shi. Amma a ɗakin nan akwai mutum goma sha biyar da za su iya faɗin lambar gilashin da yake buƙata daga tsawon hannunsa kawai. Babbar likitar ta zaro nata tabarau daga aljihu ta miƙa masa a hankali.

“Na gode, likita. Na wuce wannan matakin.”

Ya waiga, ya hango ni a layin baya, don yanzu yana hange sosai.

“Sakatare. Karanta wa jama'a.”

Na je na karɓa. Na sa tabarauna. Na ɗan jima kafin in fara, ba don rubutun ba ya fita ba.

“Baffa, ga abin da na auna. Idonka busasshe ne, kada a yi maka mai murfi. In aka yi, zai riƙa zafi yana zubar da ruwa, mutane su ɗauka kuka kake yi. In dole ne, a yi ta gogewa, a bar na hagu da ɗan gajeren ganinsa. In ka sa aka gyara duka biyun, za ka karanta allon da ke tsallaken titi, amma takarda irin wannan sai dai a karanta maka. Na san ka riga ka yanke tun a mota. Ba komai. Na ajiye maka abu a durowar teburina ta ƙasa. 'Yarka.”

Wani ya yi tari. Matar Yaya ta sami abin kallo a silin. Mahaifiyar Auta ta yi dariya, ta farko a mako shida, gajeriya, sannan ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka ci gaba da girgiza, ban san da wanne ba.

Yaya ya share kumatu ya dubi jama'a.

“Kun ji ko? Ta hango. Jininmu ne.”

Ya miƙo hannu a ba shi takardarsa. Na ninke ta yadda ta ninke ta, na sa a aljihuna.

“Shugaba ya gama da ita, Yaya. Ajiya aikin sakatare ne.”

An yi zaɓe makon da ya biyo baya. Aka rubuta sakamako a allo a gaban zauren. Yaya yana can kujerar baya, kuma shi ne mutum na farko a duk zauren da ya karanta cewa ya zo na uku.

Kayanta ba su da yawa. Farar rigar aiki tana wurin mahaifiyarta, ba a wanke ta ba. 'Yar tocilar da take haska ido da ita mun bar wa abokiyar aikinta da suke raba ɗakin gwaji. Tufafi an raba wa waɗanda za su sa. Na mayar wa maƙwabci injinsa, bayan na huda bangon a kan alamominta huɗu. Na ɗora ma'auni, babu wadda ta karkace. Littattafan sun fita daga kwali. Takardar tana bisa kanta ta biyu, cikin littafin da ta fi buɗewa.

A durowar ƙasa mun tarar da abin da ta koma yi a minti biyar ɗin nan da muka jira ta a bakin mota. Kwalbar maganin ɗigawa ta bushewar ido, da gidan tabarau, a ciki tabarau na karatu, baƙin firam, irin na manya. Ta manna 'yar takarda a kai, ta rubuta Baffa, da kwanan watan Larabar.

Na kai masa da kaina. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai ajiye ne kawai don tunawa da ita, shi ba ya buƙata. Matarsa ta ce yanzu kullum da safe yakan shiga ɗaki da jarida ya murza makulli, ya ce kada a dame shi, tunani zai yi a kan makomar ƙungiya. Bayan rabin awa yakan fito, da jajayen tabo biyu a karan hanci.